Butar Baba da Allura Mai Rawa

Ina wani kamfanin robobi a Kano, kaina na cikin akwatin wayoyi, sai Yaya ta kira ni. Yayata ba ta kiran mutum don kawai ta ji lafiyarsa. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Ka zo gida, Baba ya zama waliyyi."

Na ce, "Masha Allah. Tun yaushe?"

Ta ce, "Kai kake dariya. Ya koma ɗaki ya turo ƙofa, abincin ma sai an yi da gaske yake taɓawa."

Nan dariyar ta maƙale mini. Komawar Baba ɗaki ba ƙaramar magana ba ce a gidanmu, domin mun taɓa ganin irinta.

Garinmu yana arewa da Dawakin Tofa, cikin ƙauyukan nan da gona ke bin gona, gida ke bin gida, ba ka isa ka yi tari maƙwabci bai ce maka sannu ba. Baba malamin allo ne, a nan ya ƙare ƙuruciyarsa da ƙarfinsa. Da Inna ta rasu, sai ya miƙa makarantar ga babban almajirinsa, ya shige ɗaki. Masallaci kaɗai ke fito da shi, yana sallamewa ya koma. Muka yi lallashi, muka kawo aminansa, duk a banza. Mutumin da muryarsa ke cika zaure ya koma sai ka kasa kunne kafin ka ji amsar gaisuwarsa.

Abin da ya fito da shi ba wa'azi ba ne, ba kuma magani ba. Wani Alhaji ne ya gina injin gyaran shinkafa a bakin gonarmu. Wata safiya Baba ya ɗauki buzunsa da butarsa, ya tafi bayan bangon injin, gindin darbejiya, ya zauna. Kashegari ma haka. Ma'aikatan wurin yawancinsu baƙi ne, leburori da direbobi daga wasu garuruwa, babu wanda ya taɓa shan bulalarsa balle ya ji nauyinsa. Suna kiransa Malam, amma suna musu da shi a kan damina da farashin taki, suna tsokanarsa wai ya tsufa bai taɓa hawa tirela ba. Shi ma yana ramawa. Da yamma ya dawo gida da ƙaiƙayi a hula da labari a baki. Mu dai muka yi hamdala muka ja bakinmu.

To, wannan zaman ne Yaya take gaya mini ya watse.

Da na iso na tarar da abin ya wuce yadda na zata. A ƙofar gidanmu akwai injin ban-ruwa da wani ya ajiye, da keken ɗinki an lulluɓe da zane, da rediyo wadda na tabbata ta girme ni. Duk an kawo ne Malam ya tofa musu albarka su tashi. Wani dattijo yana tsugune kusa da babur ɗinsa, ya ce mini tun hantsi yake jira.

Na shiga wurin Baba na durƙusa na gaishe shi. Bai ɗago ba ya ce, "Injiniya, an turo ka kai ma a yi wa mitar awonka addu'a?"

Na ce, "Baba, me ya faru?"

Ya ce, "Ka je ka tambayi mahaukatan can. Wai in ina wurin injinsu yana lafawa, in ba na nan yana taɓara. Ni da ko fitilar hannu ta mutu sai na kira ka. Tun ina saurayi nake gaya wa yara kada su bi masu irin wannan da'awa, yau ga ni da furfurata an mai da ni ɗaya daga cikinsu. Ba zan sake taka wurin ba."

Na san Baba, in ya ce ba zai yi ba, to ya gama magana. Hanya ɗaya ce ta rage mini, in gano abin da ke damun injin nan, in kuma gano shi a gaban mutane.

Alhaji ya karɓe ni hannu bibbiyu, don shinkafarsa ce take lalacewa. Bari in bayyana matsalar yadda na bayyana wa Yaya, wadda ba ta da haƙurin dogon bayani. Bayan an turara shanshera, sai a zuba ta cikin wata doguwar na'ura ta bushe da iska mai zafi. A cikin na'urar akwai ma'aunin zafi. Wayoyi biyu ne suka haɗa shi da akwatin da ke ba da umarni a ɗaya gefen ginin, kuma da ɗan siririn lantarki yake magana, wanda ake aunawa da miliyam: huɗu yana nufin sanyi, ashirin yana nufin zafi ya kai ƙarshe, sauran duk suna tsakani. Akwatin yana jin saƙon, sai ya buɗe bawul ɗin tururi ko ya rufe. A ƙofar akwatin akwai allura mai nuna abin da ya ji. Akwatin nan ba shi da wayo ko kaɗan, duk abin da aka gaya masa yarda yake yi.

Allurar kuwa rawa take yi. Ta yi dama, ta yi hagu, ta yi karkarwa a tsakiya, ta sake zabura. Bawul yana binta, ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, yana huci. Shinkafa ta fito rabi da danshi, rabi a karye, 'yan kasuwa su ɗiba a tafin hannu su taɓe baki.

Mai kula da injin wani dogon mutum ne daga Bici, mai kirki, mai yawan magana. Shi ne ya fara lura da abin, kuma shi ya yaɗa shi. Ya ce mini, "Injiniya, wallahi ba ƙari. Da safe in Malam ya zo ya zauna, jim kaɗan sai ka ga ta nutsu. Rana ta take, ta fara 'yan motse-motse. Malam ya yi alwalar azahar, ta koma ta kwanta. Ranar da bai zo ba kuwa, sai dai mu kashe. Ni ba na cewa komai, gani dai ya kori ji."

Na ce masa allura ba ta san malami ba. Ya ce, "To, ai ga ka ga ta."

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi. Na bi kowace ƙusa na ɗaure, domin rabin aljanun da ake kira na in kora a masana'antu, waya ce ta yi sako-sako. Na auna wutar da ke ciyar da layin, tana nan daram. Na cire wayoyin daga akwatin, na ɗura masa tsayayyen lantarki daga 'yar na'urata, allura ta tsaya cak. Ke nan akwatin ba shi da laifi. Na zagaya can ƙarshen, na cire ma'aunin zafin, na turo wannan tsayayyen lantarkin ta cikin doguwar wayar, sai ga allura tana rawarta. Ke nan ma'aunin ma an zalunce shi, a hanya ake lalata saƙon.

Na sa aka kashe babbar motar lantarkin da ke juya fanka, wadda ke da akwatin rage mata gudu. Rawa ta tsaya. Aka kunna, ta dawo. Na ji daɗi, don irin waɗannan akwatuna an san su da zubar da dattin lantarki, yana bin duk ƙarfen da ya samu yana neman hanyar shiga ƙasa. Na janye wayar saƙon daga kusa da ta motar, abin ya ragu kaɗan. Na liƙa ɗan kafasita mai tace dattin lantarki a bakin akwatin umarni, allura ta rage zabura amma tana ta lilo a hankali, kamar mai zazzaɓin da aka lulluɓe da bargo. Ciwon yana nan, na dai rufe shi ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar lokaci. Motar tana aiki tun safe har yamma, wayar ba ta matsawa. Me zai sa abu ya lafa da safe, ya tashi da rana, ya sake lafawa bayan azahar? Kuma tun da na zo ban ga ya lafa ba ko sau ɗaya. Mutumin Bici yana tsaye a kaina yana kallona da tausayi. Da ya ga na zauna a kan buhu ina share gumi, ya ce, "Ka daina wahalar da kanka, ka lallaso mana tsohon kawai." Na ji kamar in jefe shi da sukuddireba. Abin haushin shi ne, a ka'idar aikina ma gaskiya ya faɗa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma abu ɗaya da ban gwada ba shi ne Baba.

Na sha fama kafin ya saurare ni. Ya ce, "In na je ta tsaya fa? Ka ƙara mini wuta ke nan."

Na ce, "Baba, in wani ya zo maka da magana ba hujja, me kake ce masa?"

Ya harare ni. Ya ce, "Da tawa za ka kama ni?" Sannan ya ce in ɗauko masa buzun.

Na roƙe shi abu ɗaya, ya zauna kawai, kada ya yi komai. Muka fito da hantsi, bazara ta kankama, ƙasa ta bushe ƙamas. Hanya muna tafe mutane suna zubewa suna gaisuwa. A bayan injin na ga abin da ya fi komai ɓata masa rai. Direbobin nan da suka saba yi masa ihu daga nesa suka taso suna sanɗa, suka tsuguna, suka sunkuyar da kai, murya ƙasa-ƙasa: "Allah ya gafarta Malam." Babu mai musu, babu mai tsokana. Suka koma gefe suka yi tsit suna satar kallonsa. Shirun da ya guje wa a gida ne ya biyo shi har gindin darbejiya. Na ji tausayinsa ƙwarai, har na kau da kai.

Na tsaya a tagar da nake iya hango allura da Baba gaba ɗaya. Ya zauna, ya naɗe ƙafa, ya ɗaure fuska. Allura ta ci gaba da rawa kamar ba ta san an yi baƙo ba. Na leƙo na ce, "Baba, tana yi." Fuskarsa ta saki. Ya ce, "Madalla, Allah ya ƙara mata ƙarfi." Mutumin Bici ya shiga sosa ƙeya.

Haka muka zauna har aka kira azahar. Ma'aikata suka tafi famfon gaba, inda suke alwalarsu. Baba ya ja butarsa, wata babba ta ƙarfe da ta kusa tulu, ya matsa jikin bango ya tsuguna. Baba ba ya alwalar gaggawa. Da ya gama, ya tuttule sauran ruwan a gindin bangon, ya tafi sahu. Muna idar da salla mutumin Bici ya riga kowa komawa ciki, sai muka ji kabbararsa. Allura ta kwanta luf.

Ban taɓa ganin mutum ya ji labarin karamarsa ya yi baƙin ciki irin haka ba. Baba ya dube ni ya ce, "Ka gani ko? Ka kashe ni."

Ni kuwa hankalina yana wani wuri. Na je inda ya tsuguna. Akwai ɗan kwari a gindin bangon, ruwan ya taru ya nutse, wurin ya yi duhu. Na sa yatsa na tona. Sai ga kan wata sandar ƙarfe, da koriyar waya ɗaure a jikinta ta shige cikin gini. Ita ce sandar da ake kafawa don duk ɓataccen lantarki ya bi ta ya shige ƙasa. Na kama ta na girgiza, tana motsi kamar haƙorin tsoho. Daga baya da muka zare ta, ko kamu biyu ba ta kai ba. Waɗanda suka kafa ta sun ci karo da marmara, suka yanke ta suka rufe da ƙasa. Da damina aka yi aikin, ƙasa a jiƙe, ba wanda ya ga aibu.

Na ce, "Baba, da safe in ka zo, me kake fara yi?"

Ya ce, "Me zan yi? In yayyafa ruwa wurin ya yi sanyi, in shimfiɗa buzu."

Sai komai ya zauna mini. In ƙasar ta bushe, sandar ba ta iya sauke dattin motar. Sai dattin ya nemi wata hanya, ya bi rigar ƙarfen da ke lulluɓe da wayar saƙo, wadda aka ɗaure ta ta kai biyu, ya ratsa har can jikin na'urar busarwa, yana tafe yana hargitsa maganar da ke ciki. In Baba ya jiƙa wurin, sandar ta farfaɗo ta yi aikinta, har rana ta shanye ruwan.

Na yi masa bayani. Ya saurara da kyau, ya sa na maimaita. Sannan ya ce, "Ke nan ruwan kowa zai yi?"

Na ce, "Na kowa."

Ya ce, "To, ba a yanke hukunci a ɓoye. Gobe a tara shaidu."

Kashegari Baba ya tashi da ƙarfin da na manta yana da shi. Shi ya tsara komai. Ya aika aka kira Alhaji, da mai keken ɗinki, da dattijon babur, da duk wanda ya taɓa ajiye wani mataccen ƙarfe a ƙofarmu. Ya hana kowa kusantar bangon da ko ɗigon ruwa har rana ta take, allura ta haukace sosai. Shi kuma ya koma can nesa, bakin gonarmu, ya zauna a kan kunya, ya bar butarsa a gida don kada a ce.

Sannan ya zaɓi ruwan, ya zaɓi mai zubawa. Ruwan, na wanke-wanken matar da ke sayar wa leburori shinkafa da wake ne, ya yi kauri da manja da sabulu da gishiri. Mai zubawar kuwa wani direban tirela ne, gajere, wanda duk garin aka san shi da ashar, in ya buɗe baki iyaye mata suna toshe kunnen 'ya'yansu. Ya ce, "Malam, ni fa? Ka san halina." Baba ya ɗaga murya daga bakin gona ya ce, "Don halin naka na zaɓe ka. Zuba!"

Ya kinkimi bahon ya sheƙa a gindin bango. Mutane suka cunkushe a ƙofa da taga. Ba a jima ba allura ta fara rage zabura, ta yi lilo, ta tsaya. Saboda gishirin, ta ma fi saurin kwanciya a kan yadda take yi wa Baba. Na faɗi haka da ƙarfi don kowa ya ji.

Baba ya taso yana dariya har da tafa hannu. Ya ce, "Jama'a ku shaida, ruwan kwanuka ya fi nawa! Mai keke, ga waliyyinku nan, ku kai masa." Direban ya ce wallahi duk wanda ya kawo masa rediyo sai ya taka ta da tirela, ya ƙara da wata kalmar da ba zan rubuta ba. Wuri ya kaure da dariya. Dattijon babur ne kaɗai bai gamsu ba, na ji yana ce wa na kusa da shi, "To, wa ya nuna wa Malam daidai inda zai zuba tun farko?" Irin wannan ba mita da za ta warkar da shi.

Sauran aikin nawa ne. Muka haƙa rami mai zurfi har muka wuce marmarar, muka kafa doguwar sanda, muka cika da gawayi da gishiri. Na kwance rigar wayar daga can ƙarshen, na bar ta ɗaure a wurin akwatin kaɗai, don kada ta sake zama hanyar wucewa. Na bar kafasitan a wurinsa, na kuma rage wa akwatin zumuɗi, ya daina zabura a kan kowane ɗan motsi. Allura ta zauna, bawul ya daina huci, shinkafa ta fito doguwa ba karaya. Alhaji ya ɗiba ya watsa a baki ya tauna ɗanya don murna.

Amma ni ba don shinkafa na zo ba. Ranar da zan koma Kano na tashi da fargaba, domin wanke suna daban, komawa wurin da aka kunyata ka daban. Na leƙa ɗakin Baba in yi masa sallama, ba ya nan. Yaya ta nuna mini hanyar gona da haɓa.

Na same shi a gindin darbejiya, ya miƙe ƙafa. Ba kowa a tsugune a gabansa. Wani lebura ya zo wucewa da buhu a ka, ya ce, "Malam, a janye ƙafa mana, ko sai an kawo ruwan kwanuka?" Baba ya ce, "Wuce, ɗan nema, kai da ko Fatiha sai an ja ka." Ya janye ƙafar yana murmushi.

Na tsuguna na ce zan tafi. Ya sa mini albarka. Har na miƙe, sai ya ce, "Da innarku tana nan, da abin bai kai haka ba. Ranar farko za ta fito ƙofar gida ta ce musu, wannan? Wannan da ke neman hularsa tana kansa? Ku kwashe tarkacenku."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Sai dariyar tasa ta canza, ya sa gefen rawaninsa ya danne idanunsa. Tun ranar da muka dawo daga maƙabarta ban ji ya ambace ta ba sai ranar. Na ajiye jakata na koma na zauna kusa da shi a kan buzun, ya matsa mini. Injin yana ta ƙara a bayanmu, ya fara ba ni labarin ranar da ya fara ganin ta a kasuwar Bici tana yi wa mai barkono faɗa.